Guzurin Hawan Dutse: Inda Tsimi Ke da Riba da Inda Yake Jawo Hasara

Karo na uku ke nan cikin wata guda da likita ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, kuma lambobin ba su sauka ba. Likitan ya ajiye biro, ya tambaye shi abin da ya yi ajalin mahaifinsa. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, yana da shekara 54. Aka rubuta masa magani, aka ce ya rage gishiri, sannan likitan ya ƙara da cewa zaman kujera daga safe zuwa magariba na cikin abin da ke cin sa, don haka ya nemi motsa jikin da zai iya ɗorewa a kai, ba wanda zai yi mako biyu ya watsar ba.

Mutumin akanta ne a wani kamfani da ke kan titin Ali Akilu, yana haya a Unguwar Dosa da matarsa da 'ya'ya uku. Shekarunsa 36. A dangi Malam Ƙarami ake kiransa, domin sunan kakansa na wajen uwa ya ci, dangin uwarsa kuwa bakinsu ba ya iya furta sunan. Ya gwada gidan motsa jiki, gudu a kan inji ya gundure shi cikin kwana goma. Sai wani abokin aikinsa ya saka shi cikin wani zauren WhatsApp na ma'aikata da 'yan kasuwa masu fita hawan duwatsu a ƙarshen mako. Hotunansu suka burge shi: ga su a tsaunukan Kajuru, ga su a duwatsun Kagoro. Tafiya ta gaba Kufena za a je, kusa da Zariya, a watan Janairu, kuma za a kwana ɗaya. Aka turo jerin kayan da ake so kowa ya tanada.

Da yake lissafi ne sana'arsa, a daren nan ya buɗe kwamfuta ya bi shagunan intanet yana rubuta farashi: takalmin hawan dutse mai hana ruwa shiga, jakar goyo, tanti, buhun barci, sandunan dogarawa guda biyu, fitilar goshi, ƙaramin murhun gas, jakar ruwa mai tiyo, agogo mai nuna hanya. Da ya haɗa jimla sai ya ga ta haura albashinsa na wata ɗaya da rabi. Ba abin mamaki ba ne. Kusan duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su, kuma tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a watan Yulin 2024, takalmi ɗaya na dala 150 a wancan lokacin ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata uku.

Matarsa ta leƙo ta ga jimlar, ta ce, "Abban yara, likita cewa ya yi ka yi tafiya, bai ce ka buɗe kanti ba. Kuɗin makaranta fa na nan tafe. Ka je wajen Kawu mana, shi da ya yi rabin rayuwarsa a daji."

Jerin da aka rubuta don wata ƙasa

Kawu, wan mahaifiyarsa, yana zaune a Tudun Wada. Ya yi shekara fiye da 30 a aikin safiyo, yana jan sarƙar awo, yana kafa turakun iyaka daga dazuzzukan Birnin Gwari har zuwa Saminaka. Ya sa tabarau ya karanta jerin sau biyu, sannan ya ce, "Malam Ƙarami, wanda ya rubuta wannan takarda ba Kufena ya nufa ba. Ƙasar ƙanƙara za shi."

Maganar Kawu tana kan hanya. Yawancin jerin kayan da ke yawo a intanet an tsara su ne don Turai da Amurka, inda abokan gabar matafiyi su ne sanyi da ruwan sama da dusar ƙanƙara. Takalmin da aka yi wa shafi na ciki irin Gore-Tex an yi shi ne don ya hana ruwa shiga, to amma a busasshen dutsen Zazzau cikin hunturu babu ruwan da zai shiga, sai zufar da za ta rasa hanyar fita da sauri, ƙafa ta jiƙe, ta yi laushi, ta yi bororo. Buhun barcin da aka ɗinka don daren da ruwa ke daskarewa ya yi wa darenmu yawa, domin sanyin Kaduna da Zariya a Disamba da Janairu kan sauka ne ƙasa da digiri 15 a wasu darare, abin da bargo mai kauri da rigar sanyi da hula ke magancewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa sama ba ta zubar da ruwa, saboda haka babban aikin tanti ya ragu. Abokan gabar mai hawan dutse a nan su ne rana, da ƙishirwa, da santsin dutse, da maciji, da kunama, da sauro.

Kuma tafiya da kwanan hanya ba baƙin abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken goro sun yi ƙarnuka suna tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, suna yada zango inda dare ya yi musu. Kalmar zango ma ta zauna a Ghana har yau a matsayin sunan unguwannin da zuriyarsu ke zaune. Maniyyata sun ratsa Chadi da Sudan da ƙafa. Kayan mutum ɗaya a cikinsu bai wuce tabarma da bargo da buta da salka ko gora da malafa da sanda da burgamin guzuri ba. Ko a ƙasashen da ake ƙera kayan zamanin ma akwai shaida irin wannan. A 1955 wata dattijuwa Ba'amurkiya mai suna Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar tsaunukan Afalachiya mai tsawon fiye da kilomita 3,000 da takalmin kambas, da jakar da ta ɗinka da hannunta, da bargon soja, da labulen banɗaki na leda a madadin tanti.

Kawu ya ɗauki biro ya raba jerin gida uku. Kashi na farko shi ne abin da idan ya ci amanarka za ka ji rauni ko ka rasa rai: takalmi, ruwa, fitila, magani. Kashi na biyu shi ne abin da idan ya lalace wahala kawai za ka sha: jaka, tufafi, shimfiɗa, abin dafa shayi. Kashi na uku shi ne abin da ko babu shi ba abin da zai same ka. Ya ce, "Na farko kada ka yi masa rowa. Na biyu mu je gwanjo. Na uku ka ara, ko ka bar wa masu shi." Agogon da jakar ruwa mai tiyo da sandunan ƙarfe duk suka faɗa kashi na uku. Sandar gora guda ta isa, robobin ruwa na lita ɗaya da rabi kuwa suna nan a kowane shago.

Kasuwar Barci da Panteka

Ranar Asabar suka shiga Kasuwar Barci. Kasuwar ta samo asali ne a 1973, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, lokacin da aka kwashe 'yan kasuwa daga babbar kasuwar Kaduna don a sake gina ta. An ce rashin masu saye ne ya sa suka riƙa barci a rumfuna, sunan ya bi ta. Daga baya ta zama cibiyar gwanjo da ɗinki da Arewa ta sani, kuma ko da gwamnatin jiha ta rushe ta a 2020 don a yi sabon gini, sana'ar ba ta bar Tudun Wada ba. Tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigo da su, amma dila-dila suke isowa, akasari ta hanyar Kwatano. Cikin kowace dila akwai abin da wani Bature ya saya da tsada don hutu ɗaya, ya gaji da shi, ya bayar sadaka.

Kawu bai damu da sunan kamfanin da ke jikin jaka ba. Zif yake fara ja sau da yawa. Sai ya kama madaurin kafaɗa ya finciko, ya duba ɗinkin inda ya haɗu da jikin jakar, domin nan ne nauyi ke taruwa. Sai ya juya cikinta ya shafa: idan shafin ciki yana ɗanko a hannu ko yana ɓarewa kamar fatar maciji, ko yana wani wari mai tsami, to robar da aka shafa don hana ruwa ta mutu, haka ma abin yake a tanti. Suka sami jaka mai ɗaukar kimanin lita 30, da madaurin ƙugu mai kauri wanda ke sauke nauyi daga kafaɗa zuwa kwankwaso. Zif ɗin aljihunta ɗaya ya lalace, abin da ya karya farashinta, wani tela a nan cikin kasuwa ya sauya shi kafin su gama zagaye. Suka ɗauki riga mai dogon hannu marar nauyi irin ta 'yan wasanni mai saurin bushewa, da wando mai kauri, da safa biyu masu kauri waɗanda ba na auduga zalla ba, domin auduga na riƙe zufa.

Daga nan suka gangara Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda maƙera da masu walda ke mayar da tsohon ƙarfe da sanholo kayan amfani. Ƙaramin kurfoti da butar shayi suka maye gurbin murhun gas, wani mai walda kuma ya lanƙwasa musu guntayen rodi suka zama turakun ɗaure igiya. A nan Kawu ya tsaya ya yi gargaɗin da ya ce ya taɓa ganin abin da rashin jinsa ya jawo: duk tsananin sanyi kada a shigar da garwashi cikin tanti ko rufaffen ɗaki, domin gawayi na fitar da iskar guba marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci.

Tanti kuwa aro aka yi. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma a kan takalmi maganar gaskiya ce, tunda takalmi na ɗaukar siffar ƙafar mai shi. Amma akanta ya san wani lissafin: ana gane tsadar abu ne idan aka raba kuɗinsa da yawan ranakun da zai yi aiki. Tantin da za a kafa sau biyu a shekara ya fi kowane abu a jerin tsada, takalmin da za a taka kullum da safe kuwa, ko da ya fi kuɗi a kanti, shi ne mai araha. Mutum huɗu a zauren suka yi tarayya a tanti ɗaya na wani abokinsu, da sharaɗin a mayar masa da shi a kakkaɓe, a bushe, da turakunsa cif. Malam Ƙarami ya zaɓi gidan sauro mai magani da ke ajiye a gidansa, da tabarmar roba, da bargo.

Wurin kwanan ma ba daji ba ne. Cikin katangar gidan gonar dangin ɗaya daga cikinsu ne, a gefen Wusasa. Mutanen Kaduna ba su manta da ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da aka sace a watan Maris na 2021 ba, nan bayan Mando, ko harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022. Babu tanti ko fitilar da ke sayen tsaro. Kuɗin da ya fi cancanta a kashe a irin wannan fita shi ne na ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen, da goron gaisuwar mai unguwa, da man motar da zai sa a tafi da rana a dawo da rana. Kawu ya yi shiru da aka zo nan, sannan ya ce su a zamaninsu maciji da kunama kaɗai suke tsoro, duk rugar da suka sauka kuwa da ƙwaryar nono ake tarbarsu.

Guzuri bai ci kuɗi ba: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dakuwa, garin kwaki da sukari. Matarsa ta cire kilishin da ya saya ta bar masa kaɗan, ta tuna masa maganar likita a kan gishiri. Ta sa masa maganinsa na hawan jini a aljihun sama, da filasta, da bandeji, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda biyu saboda ko wani ya galabaita. Fitila sabuwa aka saya, da batir na ajiya, domin kububuwa, macijin da ake wa laƙabi da gobe da nisa, da dare take yawo, kuma yawancin sara a ƙafa yake samun wanda ya taka ba ya gani. Ruwa kuwa Kawu ya ce lita uku. Malam Ƙarami ya ce lita ɗaya kilo ɗaya ce, nauyin zai yi yawa. Kawu ya ce, "Shi ne kaɗai kayan da ke raguwa kana tafiya. Ɗauki."

Abin da ke ɓoye a tafin takalmi

A kan takalmi Kawu ya fi daɗewa. Ya sa suka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya sa shi gwadawa da safa mai kauri, ya tabbatar akwai sararin faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, don kada farce ya riƙa dukan gaba wajen gangara. Suka sayi sabon takalmin gudu mai tafin roba mai zurfin zane, marar kyan gani, marar sanannen suna. Shi ne abu mafi tsada a duk sayayyar. Kawu ya ce ya taka shi mako biyu kafin tafiya. Tarihin sana'ar ma ya goyi bayan wannan fifiko: tafin roba mai haƙora da ake gani a takalman hawan dutse a yau, wani Ba'italiye mai suna Vitale Bramani ne ya fito da shi a 1937, bayan mutuwar abokan hawansa shida a tsaunukan Alps a 1935, abin da ya ɗora wa rashin takalmin kirki. Daga sunansa aka samo Vibram.

Jimlar abin da aka kashe ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na lissafin farko ba. Da a nan maganar ta tsaya, da lafiya lau. Amma saura kwana uku a tafi, 'yan zauren suka fara turo hotunan kayansu, kowa da takalmi mai rufe idon sawu, mai tambarin da aka sani. Malam Ƙarami ya dubi nasa ya ji kamar wanda zai je ɗaurin aure da rigar barci. A daren nan, yana komawa gida, ya ga wani mai baza takalma a gefen titi ƙarƙashin fitilar caji. Cikinsu akwai takalmin fata na hawan dutse, ƙirar Turai, ko ƙura babu a zanen tafinsa, kamar ba a taɓa taka shi ba. Farashinsa bai kai ushirin kuɗin sabo ba. Ya biya ba tare da dogon ciniki ba, ya ɓoye shi a but ɗin mota, bai gaya wa Kawu ba, bai gaya wa matarsa ba.

Abin da bai sani ba, kuma mai yiwuwa shi ma mai sayarwar bai sani ba, shi ne rashin takawar nan ita ce alamar haɗari. Tsakanin fatar takalmi da robar da ke taɓa ƙasa akwai wani sashe mai laushi da ke shanye dukan tafiya. A yawancin manyan takalman hawan dutse da wani sinadari ake yin sa mai suna foliyuretan, wanda ake taƙaitawa da PU. Yana da ƙarfi da juriya, amma yana da aibi guda: danshin iska na shiga cikinsa sannu a hankali yana tsintsinka sarƙoƙin da suka riƙe shi. Zafi na hanzarta wannan, ajiya kuma ta fi takawa ɓata shi, domin takawa na matse danshin ya fita. Takalmin da ya yi shekaru a kabad a Jamus, ya yi makonni a kwantena a teku, ya zauna a ɗakin ajiya a Kwatano, zai iya isowa Kaduna da fata mai sheƙi alhali cikinsa ya zama gari. Gwajinsa ba wuya: a danna wannan sashe da farce, a lanƙwasa takalmin da ƙarfi, a murɗa shi. Idan ya tsage, ko ya yi ɗanko, ko ya zubo da ɓurɓushi, a ajiye shi komai arhar sa. A duba kuma ƙyallen da ke ƙarƙashin harshen takalmin, inda wasu kamfanoni ke buga wata da shekarar ƙira. Shumeka na iya ɗinke tafin da gam ya saki, amma basilla ba ta da abin kamawa a cikin abin da ya riga ya ruɓe.

Kufena

Zariya na da nisan kimanin kilomita 80 daga Kaduna. Suka isa da la'asar ranar Juma'a, suka kwana a gidan gonar. Gidan sauron da bargon suka yi aikinsu, kurfotin Panteka kuwa shi ya dafa wa mutum 14 shayi, domin murhun gas ɗin wani ya ƙi dacewa da tukunyar gas ɗin da ya samu. Bayan sallar asuba suka kama hanya, wani saurayi ɗan ƙauyen yana gaba da takalmin roba irin na makiyaya. Malam Ƙarami ya fito da takalminsa na fata, aka yi ta yaba shi. Takalmin gudun kuwa yana can Unguwar Dosa ƙarƙashin gado.

Hawa ya yi daɗi. Kufena dunƙulallen dutse ne da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar fili, a kewayensa akwai ragowar tsofaffin ganuwa da tarihin baka ke dangantawa da zamanin Sarauniya Amina. Daga sama hazo ya lulluɓe rabin Zariya, amma ana hango Wusasa da gonaki da hayaƙin girkin safe. Numfashinsa ya yi sama, ƙirjinsa na bugawa, amma ya ji wani sauƙi da ya daɗe bai ji ba. Ya tuna mahaifinsa, wanda bai taɓa ganin ya yi tafiyar da ta wuce daga gida zuwa masallaci ba tun da ya sayi mota.

Wajen gangarowa ne ya fara jin dunduniyar dama na yin wani lafas-lafas. Ya duba ya ga baƙin gari na zuba kamar an murmushe ƙuli-ƙuli. Kafin ya yanke shawarar abin yi, a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse mai gangara, tafin ya rabu da takalmin gaba ɗaya. Ƙafarsa ta zame, ya faɗi ta gefe, ya sulala kamar tsawon mutum biyu kafin wani tsagi ya tare shi. Ƙasa da tsagin, gangarar ta ƙara tsayuwa. Gwiwar hannunsa da cinyarsa suka ɗaye. Ya zauna yana salati, yana kallon tafin takalmin na gangarawa shi kaɗai, har saurayin ya bi shi ya tsinto.

A aljihun gefen jakarsa akwai wani abu da Kawu ya cusa ranar da suka rabu, wanda ya yi niyyar jefarwa don yana ɓata tsarin jakar: dogayen tsiri biyu da aka yanko daga robar cikin tayar babur, da igiya. Saurayin ya karɓa ba tare da tambaya ba, ya mayar da tafin, ya naɗe shi tam da robar, ya ɗaure na hagun ma tunda shi ma ya fara buɗe baki. Ya ce, "Yallaɓai, ka riƙa sauka da gefe, ka dafa kafaɗata." Wata ma'aikaciyar jinya a cikin tawagar ta wanke ciwon ta naɗa bandejin da matarsa ta saka. Gangarar da aka shirya za ta ɗauki ƙasa da awa ɗaya ta ci fiye da biyu, rana ta take, dutsen ya fara zafi. Mutum uku ruwansu ya ƙare. Lita ta ukun da ya so ya bari ita aka yi ta zagayawa da ita.

Lissafin ƙarshe

Da ya zauna ya sake lissafi, kamar yadda ya saba a ƙarshen kowane wata, ya ga duk abin da aka yi tsimi a kansa bisa tsarin Kawu ya yi aiki: jakar gwanjo, bargon gida, kurfoti, tantin aro, dabino. Abu ɗaya ne ya ci amana, kuma shi ne wanda aka saya don idon mutane aka kira shi araha. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma tasa arahar adon kaɗai ta yi. Kuɗin takalmin, da na allurar rigakafin sandarewar jiki da aka yi masa saboda ciwon, da na wandon da ya yage, sun kusa kai kuɗin takalmin gudun da ya bari a gida.

Ranar Lahadi da yamma ya je Tudun Wada da takalmin a leda, ya ajiye gaban Kawu ya faɗi abin da ya faru tun daga fitilar gefen titi. Ya sa ran faɗa. Kawu ya juya takalmin, ya sa farce ya ɓantaro ragowar garin, ya murza a yatsu. Ya ce, "Allah ya tsare gaba. Mahaifiyarka ta sani?" Ya ce a'a. Kawu ya ce, "To kada ta ji a bakin wani."

Tun daga lokacin, sau huɗu a mako bayan asuba, Malam Ƙarami na zagaya Dandalin Murtala da takalmin nan marar kyan gani, tafinsa har ya fara cinyewa ta gefen dunduniya. Ya koma Kufena sau biyu. Likita bai cire masa magani ba, amma bai ƙara ba, kuma ya ce ya ci gaba da abin da yake yi. A zauren WhatsApp, duk sabon shiga da ya tambayi abin da zai saya, shi ake turawa ya amsa, yakan kuma fara da tambayar watan da za a yi tafiyar da inda za a kwana.

Takalmin fatar bai koma Unguwar Dosa ba. Kafin a jefa shi a bola, Kawu ya zare igiyoyinsa guda biyu, ya ja su da ƙarfi ya ga ba su tsinke ba, ya naɗe su a yatsa, ya miƙa masa ya ce ya sa a aljihun gefen jaka, kusa da robar taya.